Buhu Goma Sha Ɗaya a Ɗakin Iya Kande

Abba,

Assalamu alaikum. Ina fata takardar nan ta same ka ka sauka Zariya lafiya, mota ba ta wahalar da ku ba, ka kuma samu ɗakin da aka yi maka alkawari. Allah ya tsare ka a hanya da masauki, ya haɗa ka da mutanen kirki, ya raba ka da irin abokan da ubanka ya tara wa kansa. Ummanku ce ta cusa ta a bakin buhun garinka. Ni na ce ta yi haka, don na san in na miƙa maka da hannuna za ka karɓa ne kana kallon ƙasa, kamar yadda kake yi mini kwana tara ke nan.

Ba labarin gida zan ba ka ba, yanzu ka baro shi. Ka san rubutuna, da littattafanka na firamare na koya, kana aji uku ina leƙe ta bayan kafaɗarka. Inda harafi ya karkace ka miƙar da shi da kanka. Magana ce da bakina ya kasa, bakin nan nawa da duk garin nan aka san bai taɓa kasa komai ba.

Har yanzu ban dawo daidai ba. Ina cikin gona sai in tsinci kaina a tsaye, fartanya a hannu, ina tambayar kaina: wai da gaske ne? Da kaka ni na jera buhu goma sha shida na masara a sito, ban da na ci. Ni na shafa wa kowanne jan fenti, ni na ɗinke bakinsu da basilla. Na ce waɗannan na makarantar Abba ne, ba mai taɓa su sai tsakiyar damina in masara ta yi tsada. Ba wanda ban faɗa wa ba, har waɗanda ba su tambaye ni ba. Na gaba guda biyar na jera su tun daga ƙasa har kusa da rufi, na ce maka kada ka kuskura ka taɓa su, su ne masu kyan ɗinki, su mai saye zai fara gani. Duk sanda na leƙa ta ƙofa, su nake gani, in rufe in tafi ina jin kaina.

Ka san sauran, kana tsaye a wurin. Amma bari in faɗa maka yadda ni na gan shi. Alhajin nan mai sayen hatsi ya zo daga Funtua da mota da safe. 'Yan dako huɗu suka ɗauke buhu biyar na gaba. Na shida babu shi. Bayan buhunan nan ba komai sai bango, da ɓurɓushin masara a ƙasa, da kwanon awo a kife. Na shiga na shafa bangon da hannuna kamar akwai wata ƙofa a jikinsa. Alhajin ya ce, "Malam Lawal, ina sauran? Ko a wani siton suke?" Na juyo na gan ka da mabuɗi a hannu, na ɗauke ka da mari, na ce maka ɓarawo. Ka dafe kunci ka ce, "Baba, ni na kai, amma kai kake aike na." Maganar ta ƙara tunzura ni. Na ce ka kai ina? Ka ce gidan Iya Kande.

Iya Kande da ta goya ni ina ƙarami. Tsohuwar da ke sayen tiya-tiya a hannun mutane da ɗan jarin daddawarta. Na isa gidanta a guje, ko sallama ban yi da kyau ba. Ƙofar ɗakinta a buɗe take, ga buhuna a jere tun daga bayan gado har taga, kowanne da jan fentina a jiki.

Na ce, "Iya, buhunan wa ke nan?"

Tana tsince kalwa a faifai, ko ɗago kai ba ta yi ba. Ta ce, "Nawa ne, Lawali."

"Da fentina a jiki?"

"Da fentinka. Buhun ma ai kai ka sayar mini. Duk wanda ya ƙare sai in aiko, ka ce a ba ni, in ba da na goro. Ko ka manta?"

Na ce ƙarya ne, buhu ɗaya aka farke. Ta yi dariya har ta aje faifan. Ta ce, "Buhu ɗaya wata tara? Rijiya ce? Zo ka zauna, ɗan nan." Na zauna a kan turmi. Ta ce, "Kullum tiya biyu. Ranar kasuwar Kafur biyar. Ranar da ake ƙwallo, uku. Ni ba ni da gona, ba ni da saniya, ba ni da miji. Kai ne gonata bana. Allah ya ƙara maka lafiya ka sake noma mana."

Na ce to ta mayar mini, in biya ta abin da ta biya. Ta dube ni sama da ƙasa ta ce, "Farashin yau, ɗana. Da kaka na saya, yanzu damina ce. Alhajin yana nan, ko ya tafi?"

Yana nan. Motar ta juyo ta tsaya a ƙofar gidanta. 'Yan dakon nan da suka ɗauki nawa su suka ɗauki nata. Mota ta bar garin nan da buhu goma sha shida cif, duk da jan fentina, biyar nawa, sha ɗaya na Iya Kande. Ina tsaye ina kallo. Ba ta cuce ni da ƙwaya ɗaya ba. Abin da ya fi ba ni tsoro ke nan, Abba: na nemi wanda zan kama da laifi a duk garin, ban samu ba.

To ga kuskurena na farko, ka riƙe shi. Ban taɓa ɗaukar tiya a matsayin kuɗi ba. Da za ka zo ka ce, Baba, sayar da buhu guda ka sha shayi da shi, da na ce maka ka haukace. Amma tiya biyu? Me ake da tiya biyu? Hannuna bai taɓa ɗaukar ta ba, idona bai taɓa ganin ta fita ba. Ina zaune a majalisa zan ce, "Abba, ɗebo biyu a na baya ka kai gidan Iya," ka dawo ka miƙo mini canji. A kaina buhu ɗaya ne aka farke tun kaka, shi ake ta ɗiba. Na tuna yanzu sau nawa ka ce mini, "Baba, wannan ya ƙare." Ni kuma in ce, "To farke wani mana, ba ka ga ina magana da mutane ba?" Ummanku ma ta ce, "Malam, ka kuwa shiga siton nan kwanan nan?" Na ce mata, "Sitonki ne?" Iya Kande ta gaya mini sau biyu kana roƙonta ta daina saye, ta ce maka ka je ka roƙi ubanka ya daina sayarwa. Ba ka zo ba. Ban ga laifinka ba. Wa ke iya gaya mini magana?

Kai a can ba ka da sito, amma kana da irinsa, yana cikin wayarka. Kuɗin da ke cikin waya ba ya nauyi, ba ya ƙara in ya fita. Ka danna, mai shago ya ce ya shigo, shi ke nan, ba ka ji komai ba. Wannan ita ce tiyarka. Saboda haka sau ɗaya a mako ka je wurin mai cire kuɗi, ka ciro na sati guda a hannu, ka daina danne-danne. In na hannu ya ƙare ranar Laraba, to ya ƙare, ka ci tuwo har Asabar. Kuma duk Juma'a ka duba abin da ya rage da idonka, duka, ba wai ka leƙa ta ƙofa ka ga na gaba ka ce lafiya lau ba. Ka shiga har bango.

Na biyu, shayi. In na tuna wannan sai in ji kamar in mari kaina. Ummanku za ta tashi ta dama koko, ta ɗumama tuwo, ta aje mini. Ni kuwa in tsallake kwanon in tafi teburin Ɗanlami mai shayi, in ce a haɗa mini mai kauri, da burodi, da ƙwai biyu. Da a kaina kaɗai abin ya tsaya, da da sauƙi. Da na zauna sai wani ya ce, "Alhaji Lawal ya iso." Alhaji. Ni da ko filin jirgi ban taɓa gani ba. Amma kalmar tana shiga kunnena sai in ji kaina ya kumbura, in ce, "Ɗanlami, zuba wa kowa." Mutum shida, mutum takwas, wasu ma ban san daga wane ƙauye suka fito ba. Su sha, su goge baki, su ce, "Kai dai Alhaji ba ka da na biyu." Da masarar makarantarka suke goge bakin.

Ka san abin da ya faru washegarin ranar motar? Na bi ta gaban teburin zan je gona, Ɗanlami ya ɗaga murya ya ce, "Alhaji, a haɗa na kullum?" Yana wurin fa ranar motar, da idonsa ya ga abin da ya faru. Na tsaya na dube shi, na wuce. Shi sana'arsa yake. Kwana tara ban zauna a bencin nan ba. Cikin masu kirana Alhaji, ko ɗaya bai tako ƙofar gidanmu ya ce lafiya ba. An ce mini sun samu wani sabon Alhajin, wani yaro da ya sayar da waken suya.

Za ka haɗu da irinsu a makaranta, ba su da wuyar ganewa. Su ne masu yi maka suna tun ba su san sunanka ba. Za su ce maka shugaba, su ce maka babban yaro, su raka ka wurin mai taliya. In ka ji an fara kiranka da abin da ba kai ba ne, ka dafe aljihunka. Ban ce ka zama marowaci ba. In ka ga ɗan'uwanka da yunwa ta gaske, ka raba tuwonka biyu ka ba shi, wannan ba ya talauta mutum. Amma kada ka sayi kirari. Na saya wata tara, na san farashinsa.

Na uku, waya da babur. Masallacinmu daga ƙofar gida ana hango shi, amma ni sai na ta da babur. Gidan mai ɗinki, babur. Teburin Ɗanlami, babur. Wani lokacin in tafi Malumfashi ba don komai ba, sai don in ji ko farashin taki ya sauka, abin da zan iya tambayar duk wanda ya dawo daga can. Kowace fita kwalbar mai ce, kowace kwalba tiya ce. Sai katin waya. Ka san yadda nake da gardama. Tun da na iya karatu na ga ashe akwai mutane cike da waya masu jiran a yi musu da su. In zauna in yi ta rubutu da ɗan yatsa ɗaya, in kati ya ƙare a tsakiyar zagi in ƙwala maka kira. Ka duba wannan da kyau: na sayar da masarar makarantar ɗana don in zagi wani mutum da ban taɓa gani ba, a kan ƙwallon da ake bugawa a ƙasar da ban san hanyarta ba. Na rubuta shi yanzu na sake karantawa, ni ma ban yarda ba. Amma haka aka yi.

Inda ƙafarka za ta kai ka, ka taka. Kai yaro ne, ka yi shekaru kana bin shanun huɗa tun safe har azahar, tafiyar makaranta ba za ta kashe ka ba. Kati kuma ka sa na wata guda, ka ce na karatu ne. In ya ƙare kafin wata, ka san inda ya tafi, kada ka ƙara. Ruwan leda, ka cika gorarka a gida. Tsire da yamma, ka wuce, ƙamshin ba ya bin mutum har ɗaki. Duk abin da ka ji bakinka ya ce "ai ɗan kaɗan ne", ka tsaya ka tambayi kanka: jiya ma na saya? Gobe ma zan saya? In amsar e ce, to ba ɗan kaɗan ba ne, buhu ne.

Amma akwai abubuwan da ban yarda ka rage ba, kada tsorona ya sa ka cuci kanka. Kada ka fita aji ba ka karya ba. Kada ka ƙi sayen littafin da malami ya ce a saya. Sabulu, magani in ba ka da lafiya, sadakar Juma'a ko yaya take, da kiran Ummanku. Waɗannan ba su ne suka cinye siton ba. Wata tara ina ɓarna, ban tuna ranar da na ce ka kai tiya a sayo wa Ummanku ko man shafawa ba.

Yanzu ka san daga ina kuɗin da ke hannunka suka fito. Buhu biyar ba su isa ko rajista ba. Na kai babur Malumfashi na sayar, na dawo a motar haya, a matse tsakanin wata mata da kajinta. Ka ga ban dawo da shi ba, ba ka tambaya ba. An biya makaranta, an biya ɗaki. Abin da ya rage shi ne a wayarka, kuma shi zai kai ka har masarar bana ta bushe. Ba wani babur a gidan nan, Abba. Ba wani buhu a bayan bango. In ka bar shi ya tsiyaye kamar yadda na yi, gida za ka dawo, ka zauna kusa da ni, mu yi ta kallon juna. Shekara ashirin ce kawai tsakanina da kai. Ni ban samu wanda ya tara mini buhu ko ɗaya don karatu ba, kai an tara maka sha shida, wanda ya tara ɗin ya cinye sha ɗaya. Biyar ɗin da suka tsira da babur ɗin, don Allah kada su bi sahu.

In ka tona garin za ka ji wani abu mai tauri a tsakiya. Kwanon awon nan ne, wanda ka yi wata tara kana ɗauka zuwa gidan Iya Kande. Ba na son in sake ganinsa a gidan nan. Mabuɗin sito kuma na ba Ummanku, ta ɗaure shi a bakin zaninta, ta ce ko ni na zo sai na faɗi dalili. Ta ce in gaya maka tiya ɗaya ta gari ta kai ka kwana biyar, in ba unguwa za ka ciyar ba. Ka auna da shi. Da shi aka fitar, bari a ga ko zai iya riƙewa.

Saura na ƙarshe, wanda na yi ta kewaye-kewaye tun farkon takardar nan.

Sunan mahaifina gare ka. Shi ya sa ba mai kiranka da shi a gidan nan, sai Abba. Mutumin nan bai taɓa ɗaga mini hannu a gaban baƙo ba. Ni na ɗaga wa mai sunansa, na kuma kira shi ɓarawo, alhali ɓarawon yana tsaye cikin rigata. Da na tambaye ka tun farko, da minti ɗaya ya isa. Amma ni haka nake, baki ya riga tunani, hannu ya riga baki. Kada ka gaji wannan. In wani abu naka ya ɓace a ɗakinku na makaranta, kafin ka dubi fuskar kowa ka fara zama ka tambayi kanka ina ka kai shi. Kuma in ka ga babba yana ɓarna, ko da ni ne, ka faɗa ka sake faɗa. Ya yi faɗan, ya gama, maganar dai ta shiga.

Mutum bakwai ne suka ga marin: Alhajin, direbansa, 'yan dako huɗu, da Ɗanlami. 'Yan dakon na bi su gida-gida da ƙafa, na ce wa kowannensu, abin da ka ji na faɗa a kan yaron nan ƙarya ne, ni na cinye masarata. Ɗaya ya ce, "Haba Malam Lawal, ai ba sai ka zo ba, kowa ya sani." Kowa ya sani. Ni kaɗai ne ban sani ba. Ɗanlami kuwa jiya na je na tsaya a gaban teburinsa, benci cike da mutane, na faɗa da ƙarfi yadda na baya ma zai ji. Ya ce, "To Alhaji, zauna ka sha ko rabi, kyauta." Na ce masa sunana Lawal. Saura Alhajin da direbansa. Ranar kasuwa zan shiga mota in je Funtua in neme su a layin 'yan hatsi. Ummanku ta ce kuɗin motar ma ɓarna ce. Na ce mata wannan ɗayar ta bar ni in yi.

Ka yafe mini. Ban iya faɗarsa da baki ba, ga shi a rubuce, ka aje.

Allah ya tsare ka daga sharrin hanya da sharrin mutane da sharrin zuciyarka. Allah ya buɗa maka ƙwaƙwalwa, ya sa albarka a ɗan abin da ke hannunka, ya kai mu kaka lafiya, ya dawo mana da kai lafiya. Ka riƙe salla a kan lokaci. Ummanku da ƙannenka suna gaishe ka. Iya Kande ma ta ce a gaishe ka, ta aiko maka da daddawa, tana ƙulle a leda a gefen garin. Ta ce wannan ba a biya.

Ranar Juma'a in ka kira Ummanku, ina nan kusa da ita. Ba dole sai ka ce a ba ni ba. In ka ce, zan karɓa.

Wassalam.

Babanka,
Lawal